Jirgin da ke Fizga Hagu

…kuma a kan tebur lafiyarsa ƙalau. Kullum haka. Na jona batir, farfela ta juya, wutsiya ta amsa — dama, hagu, dama. Mita ta nuna wuta na tafiya. To ina ciwon yake?

Sati shida ke nan. Ni Idirisu, shekara ashirin ina gyaran salula a unguwar Adum, ɗan jirgin sama mai rimot da na haɗa da hannuna ya gagare ni. Ya tashi sumul a filin makaranta, minti biyu, uku… sai ya fizga hagu. Sau ɗaya. Ya koma daidai kamar ba shi ba.

Na canza batir. Na canza risiba, mai karɓar umarni daga rimot. Wayoyin cikinsa ɗaya bayan ɗaya na ja, na lanƙwasa, na sake musu dalma. Na kunna shi na yi ta girgizawa. Shiru.

Matata Basiratu ta ajiye waakye, shinkafa da wake, tun azahar. Maigida, ka ci mana. Ya huce. Ƙuda na kansa. Ban kore shi ba.

Jiya abokina Sherif, mai ce wa kowa Massa, ya ce, "Massa, ba ni rimot ɗin mu gani." Minti goma sha biyu jirgi na sama, ko gezau. Ya sauke shi kan ciyawa yana dariya — ai ka gyara! Na ce e. Na karɓa, na tashe shi… minti biyu. Hagu.

Iska ce. Na ce masa iska ce.

Salular wata mata, ranar Talata… bakin ƙarfen dalma ya zame, ya ƙona inda ban nufa ba. Teburin ne ke rawa. Haka Baba ya riƙa cewa in shayi ya zube masa — kofin ne ba shi da mariƙi na kirki. Bayan shekara biyu hannunsa ya ƙi tsayawa, ni nake sa masa maɓallin riga.

Rimot na kan cinyata, a kashe. Babban yatsana na hagu na kan sandar juya jirgin. Ba na yin komai. Kallonsa kawai nake, kamar hannun wani a cikin motar haya ta trotro.

Ya motsa.

Ba ni na sa shi ba.

Ana kiran la'asar. Ya kamata in tashi… in ɗauki buta, in gaya wa Basiratu — in gaya mata me? Bari dai in ɗan zauna tukuna.