Malta a Cikin Akwatin Baba Imoro

Sai da Abibata ta wanke hannu da sabulu, ta goge, ta koma ta sake wankewa, sannan Baba Imoro ya yarda ta matso kusa da akwatin.

"Ba raina tsabtarki na yi ba, 'yata," in ji shi. "Mai sayar da barkono da citta, ko ranar Sallah aka shinshina hannunta sai an yi atishawa. Takardun nan kuwa sun tsufa, ba sa son yaji."

Ta yi murmushi ta zauna a bakin tabarma. Ɗakin nasa ƙarami ne, a wani lungun unguwar Maamobi ta Accra, mai gangarawa babbar kwata. Akwatin na ƙarfe ne, kuma ba a ƙasa yake zama ba. An kafa masa katako can kusa da rufi, don in damina ta yi ƙarfi ruwa har gwiwa yake shigowa. Su biyu suka sauko da shi, tsohon yana ta jaddada mata kada ta karkata shi.

Kowa a unguwar ya san Baba Imoro da akwatin nan. Kuku ya yi a jirgin ruwa tun yana saurayi har ya yi furfura, amma Kyaftin mutane ke ce masa. An san tsofaffin taswirori yake tarawa, na ƙasa ɗaya tak a Turai. Wasu suna cewa taɓin hankali ne, wasu suna cewa dukiya aka binne a can yake neman wurin. Abibata ba ta taɓa kula zancen ba, sai jiya a kasuwar Nima da wata mai sayen kanumfari ta ambaci sunan ƙasar. Malta. A can ɗanta Ramadan yake.

Shekarun baya ya bi ta Agadas da Libiya, ya shiga kwale-kwale da niyyar Italiya, aka tsamo su daga teku aka sauke su a Malta. Ya samu takarda, ya samu aiki wurin magina. Watan jiya ya kira ya ce ya ga wadda yake so ya aura, 'yar can, sunanta Mariya, kuma iyayenta sun ce sai sun ji daga gidansu. Abibata ta ce za ta yi tunani. Tun daga ranar, in ya kira sai ta kifa wayar a kan buhu har wayar ta gama ƙara. Yayanta Nuhu ya riga ya faɗi nasa: kada ta yarda, yaron ɓacewa zai yi. Ita kuwa ta rasa yadda za ta ce e ko a'a a kan wurin da ko siffarsa ba ta iya kawowa a zuciya. In ta rufe ido ta ce Malta, ruwa kawai take gani.

Baba Imoro ya ɗaga murfin. A saman akwatin wasu 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle ne farare birjik.

"Layu ne?" ta tambaya a hankali.

Ya yi dariya har da tari. "Waɗanda ake sawa cikin kwalin sabon takalmi ne, masu shanye laima. Masu takalma na kasuwar Circle ke tara mini. Laimar Accra ta fi gara ɓarna."

Ya zaro kwali mai faɗi, ya buɗe, ya janye wata siririyar takarda da ke kai. Abibata ta leƙa. Takardar ta yi launin koko mai madara. A tsakiyarta wani abu ne kamar kifi kwance, da ƙananan biyu a gefensa, teku kuwa an cika shi da ɗige-ɗige da jiragen ruwa masu filafilai. A wata kusurwa ga wani dodon ruwa yana fesa ruwa ta ka.

"Ita ke nan?"

"Ita ke nan duka."

"To ina sauran?"

"Babu saura. In kika hau trotro, motar hayar nan tamu, da hantsi daga wannan bakin, kafin rana ta take kin ƙure wancan. Wanda ya tashi daga nan zuwa Kumasi ya fi ki tafiya nesa ba kusa ba."

Ta daɗe tana kallo. Ashe ɗan abin nan ne ya riƙe mata ɗa. Baba Imoro ya ce ta sa ɗan yatsa a gefen takardar, a hankali. Ta ji wani gurbi ya zagaye zanen kamar sawun faranti a kan tuwo.

"Ba da alƙalami aka zana ba," ya ce. "A kan farantin tagulla ake sassaƙawa, kuma a juye, rubutun ma a juye. A shafa tawada, a danne takarda a kai. Sawun farantin kika ji. Wanda ya yi wannan ya mutu tun ba a kafa Nima ba, tun kakan kakan wanda ya kafa ta bai zo duniya ba."

Ya fito da wata, ya shimfiɗa kusa da ta farko. A wannan kifin ya kife, kai ya koma inda wutsiya take.

"Wannan kuskure suka yi," in ji ta.

"Ba kuskure ba ne. Shi wannan kudu ya sa a sama. Kin ga nan, saman takarda? Libiya ke wajen. Mu ne a sama, Turai a ƙasa."

Wannan ya yi mata daɗi, ba ta san dalili ba. Ta gyara zama, tambayoyi suka fara zubowa. Ina gonakinsu? Ina suke samun ruwan sha, tunda gishiri ya kewaye su? Waɗannan ƙananan gidaje masu tsini fa? Ya ce coci-coci ne. Ta ƙirga da ido ta ga ba sa ƙirguwa. Sai ya nuna mata wani gari mai ganuwa a tsakiyar tsibirin, ya ce ta san sunansa?

"Madina," ya ba da amsar da kansa.

"Baba, kada ka yi mini wasa."

"Wallahi. Ga ta Manzon Allah, ga tamu ta nan Accra, ga tasu. Wannan kuma Zaitun. Wannan Marsa, wato matsayar jirgi."

"Marsa," ta maimaita. "Nan Ramadan ya ce yake kwana."

Ta sunkuya sosai. Ɗan lungun ruwa ne, da bishiyoyi ƙanana kamar kan allura. Ta so ta ɗora yatsa, ta tuna, ta janye hannu.

"Musulmi ne ke nan?"

"Kiristoci ne na gaske. Amma in za su kira Ubangiji, Alla suke cewa. Azuminsu kuma Randan suke kiransa. Ɗanki da sunan nan nasa, na tabbata ana yi masa dariya."

"To masallaci fa? Mutum in ya mutu a ina ake sa shi? Matansu suna gaida uwar miji?"

Tsohon ya buɗe hannuwa. "Wannan takarduna ba su sani ba. Ni ma ban sani ba."

"Kai da ka zauna can?"

"Wa ya ce na zauna? Ƙafata ba ta taɓa taka Malta ba."

Ta ɗago ta dube shi. Ya faɗi maganar ne kamar mai faɗin sunan garinsu.

Ya ce injin jirginsu ne ya lalace, suka tsaya a bakin tashar ana gyara. Manya suka sauka, su 'yan kicin aka ce su zauna a ciki. Kullum yana feraye dankali yana kallon wata ganuwa mai launin zuma, ƙararrawa tana tashi ta ko'ina. Sai ga masu ƙananan kwale-kwale suna kawo burodi. Ya ji ɗaya yana ce wa burodin hubz, yana ƙirgawa wahid, tinen, tilata, ga gicciye rataye a wuyansa.

"Na ce yau ga abin mamaki, Bature da Larabcin makarantar allo. Kafin in samu wanda zan tambaya, an gama gyara mun tashi. A wata tashar can gaba na ga taswirar nan ta farko a tagar wani kanti. Daga nan duk inda muka tsaya sai na nema. Na yi ta cewa wata rana jirgi zai sake bi da mu ta can. Bai bi ba."

A waje wata mai waakye, shinkafa da wake, tana kiran ciniki, rediyon maƙwabta yana wa'azi. Abibata ta kwance bakin zanenta ta ciro wayar. Lahadi ce, Ramadan ba ya aiki. Ta danna kira mai hoto tun zuciyarta ba ta hana ta ba.

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Mma? Lafiya? Mma, kin ƙi ɗaukar wayata, na kasa barci."

Ya rame kaɗan, ya tara gemu. Ta ce da sauri, "Lafiya lau. Ga Baba Kyaftin, gaishe shi. Juya wayar ka nuna masa gari."

Ramadan bai gane ba, amma ya gaida tsohon da ladabi, ya fita baranda ya juya wayar. Baba Imoro ya sa tabarau, ya karɓa da hannu biyu. Gidaje ne masu launin zuma a cunkushe, motoci, injin ɗaga kaya, da ƙyallin ruwa can nesa.

"Launin bai canja ba," ya ce a hankali. Daga nan kuma aka rasa mai tsayar da shi. Ganuwar tana nan? Madina akwai mutane a ciki har yanzu? Abibata ta tsoma baki ta tambayi masallaci, Ramadan ya ce da ƙafa yake zuwa Juma'a, maƙabartar Musulmi ma tana jikinsa. Tsohon ya jawo taswira ta uku, ya bi gaɓar teku da ido.

"Akwai wani wuri, Ain Tuffaha. Idon ruwan tuffa ke nan. Tun ina da ƙarfina nake son in sani, akwai idon ruwan? Akwai itacen tuffar?"

"Baba, na ji sunan, bakin teku ne da ake zuwa wanka. Ban taɓa zuwa ba." Ya juyo da wayar wajen fuskarsa. "Mariya ce za ta sani. Kakarta 'yar wajen ce."

Sunan ya faɗo cikin ɗakin. Baba Imoro ya miƙa wa Abibata wayar, ya shiga gyara takardar da ba ta buƙatar gyara.

"Mma," in ji Ramadan, "maganar nan..."

"Wurin da nisa?"

"A'a. Bas ɗaya ne."

"To ku je yau, tun rana ba ta faɗi ba. Dattijo ya yi tambaya, a ba shi amsa." Ta gyara mayafinta. "In kun isa ku kira. Ita za ta riƙe wayar, kai ka tsaya gefe ka fassara. Ni ma ina da abin da zan tambaye ta."