Man Kaɗanya Zuwa Nimar Bankok

Ni da Hassana tagwaye ne, amma bakin da aka nufe mu da shi duk ita ta kwashe. Tun muna yara a gidan hayarmu na unguwar Nima a Akra, in aka tambaye ni sunana ita ke amsawa. Makaranta ma ban yi nisa ba, don da malam ya nuna ni da alli sai in sunkuyar da kai. Mutanen gidanmu suna cewa sallamata tururuwa kaɗai ke amsa ta.

Yayar mahaifiyarmu, Hajiya Alima, wadda muke kira Mma Alima, tana da shago a kasuwar Nima. Tana zuwa Bankok saro kayan yara da takalma da mayafai. Hassana ce ke raka ta, saboda kowane fasinja da iyakar nauyin da jirgi ke ɗaukar masa, mutum biyu kuwa sun fi ɗaya kwaso kaya. A shekarar 1995 Hassana ta yi nauyi, haihuwa ko yau ko gobe. Sai Mma Alima ta dube ni.

"Husseina, ke za ki. Ba magana zan sa ki ba, kilonki nake so."

Hassana tana kishingiɗe a tabarma tana shan koko, ta ce, "Mma, ki rataya mata ƙararrawa a wuya. In ta ɓace ba za ta kira kowa ba."

Na yi murmushi kawai. Ina son tafiyar, ina kuma tsoronta.

Mma Alima ba ta ga dalilin wahalar da harshenta da sunayen unguwannin Bankok ba. Sai ta raɗa wa kowace sunan wani wuri na Akra, gwargwadon halinta. Inda masaukinmu yake, Pratunam, ita ce Makola a wurinta. Rumfuna ne jere a ƙarƙashin dogayen benaye, riguna a rataye har suna shafar kan mutum, masu tura amalanke ba sa ba kowa haƙuri. Ciniki kuwa ba ya bukatar baki sosai, mai kaya ta danna lamba a na'urar lissafi ta miƙo, Mma ta taɓe baki ta danna tata. Wannan ya kwanta mini a rai, na ce ashe akwai kasuwar da aka yi domin irina.

Unguwar Nana ita ce Tudu. Can Larabawa da baƙaƙen fata suke taruwa, ana gasa nama, ana shan shayi a bakin titi. Can na ji wani ɗan Nijar yana faɗa da abokinsa da Hausa tsantsa, irin wadda mu 'yan Zangon Akra ba mu iya ba, na tsaya ina saurare har Mma ta jawo gyalena. Samfen, unguwar 'yan Sin, ita ce Zongo Lane: lungu guda dogo, matsattse, cike da maɓallai da zif da duwatsun wuya, ga babur yana kutsawa cikin mutane da kaya a bayansa. A ƙarshen lungun akwai wani tsoho mai sayar da ruwan lemo mai sanyi, Mma ta ce duk Bankok babu kamar nasa. Bobe kuma, inda ake sayar da riguna dila-dila, ita ce Kantamanto. A jirgin ruwa muke zuwa can, ta wata magudana mai baƙin ruwa da ta ratsa bayan gidaje.

Saura wuri ɗaya da ba mu je ba, Mma ta ce sai mun gama ɗaure kaya. Ta ce sunansa Nima.

"Nima kuma, Mma?"

"In kin gani za ki gane."

A can ƙawarta Rokiya take. A Mina suka haɗu shekarar da Mma ta yi aikin hajji. Zafi ya kayar da Mma, wata 'yar tsohuwa fara ta zauna tana yi mata fifita tana ɗiga mata ruwa a baki har ta farfaɗo. Ba mai jin yaren wata. Duk da haka, da Mma ta fara zuwa Bankok sai da ta bi ta wajen limamai aka nemo mata matar. Tun daga nan ba ta taɓa zuwa garin ba ta kai mata man kaɗanya ba, saboda Rokiya na fama da gwiwa. Wannan karon ma mun zo da shi cike da kwano mai murfi, an ɗaure da tsumma, yana ajiye kusa da na'urar sanyaya ɗaki.

Ana gobe za mu tashi, Mma ta farka ƙafarta ta kumbura kamar doya. Ta gwada takawa zuwa ƙofa, ta dawo ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana kallon kwanon.

"Ƙafar nan ba ta sake kawo ni garin nan ba, ina ji a jikina," ta ce. "In ba a je ba, Rokiya za ta ɗauka na mutu, ko na manta da ita. Ban san wanne ya fi muni ba."

Na san inda maganar ta nufa.

"Ki shiga jirgin ruwa kamar za mu Kantamanto. Kafin a kai, za ki ga masallaci a bakin ruwa ta hannun dama, da zare mai launi-launi a shanye. Nan za ki sauka."

"Mma, yaya sunan wurin na gaskiya?"

"Na ce miki Nima."

"In na ɓace fa?"

"A Nima aka haife ki. Kin taɓa ɓacewa a cikinta?"

Na yi gammo da ɗankwali, na ɗora kwanon a ka, na fita. A Bankok ba a ɗaukar kaya a ka, don haka duk inda na gifta sai an juyo. Na kafa idona a ƙasa har na isa matsayar jirgi.

Jirgin nan tamkar trotro ne, motar hayarmu ta Akra, amma na ruwa. Bai cika tsayawa ba, sai dai ya rage gudu, mai sauka ya yi tsalle, mai shiga ya yi tsalle. Yaron jirgin yana tafiya a gefe riƙe da igiya yana karɓar kuɗi, kamar yadda yaran trotro ke lilo a ƙofar mota a tashar Circle. In wani jirgin ya taho sai fasinjoji su ja leda sama don kada baƙin ruwan ya fantsamo. Ina cikin jan ledar na hango koren masallaci, ga zare ja da shuɗi a shanye a kan gora. Wurin ne. Amma a tsakiyar benci nake, mutane sun sa ni a tsakiya, dole sai na ce a ba ni hanya kafin in fita. Na buɗe baki, muryar ta ƙi fitowa. Ina ji ina gani masallacin ya koma baya.

Sai a Bobe na sauka, inda kowa ya tashi. Na tsaya cikin dilolin riguna ina jin haushin kaina. Na tuna dariyar Hassana. Komawa jirgi kuwa ban yarda da kaina ba, don abin da ya faru zai iya sake faruwa. Sai na ce ai ruwa ba ya ɓata hanya, in na bi gefensa da ƙafa zan koma inda na baro.

Na kama hanya. Wani wuri akwai siririyar hanyar siminti a bakin ruwan, wani wuri sai na fita titi na zagayo. Rana ta take. Can na ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta bayan kunnena. Na shafa, na shinshina. Man ne ya fara narkewa, yana bin gefen murfi yana jiƙa gammo. Na ƙara sauri, ina tafe ina daidaita wuya kamar mai ɗauke da ruwa.

Ban san lokacin da na shiga unguwar ba, sai dai na ga hanya ta matse, rufin kwano ya haɗe da rufin kwano. Gidajen katako ne, ƙofa na kallon ƙofa. Wata mata tana wanke wa yaro jiki a bakin lungu, tsofaffi masu hula suna zaune a benci, kyanwa na barci a kan buhu. Ga ƙamshin albasa a mai, ga warin magudana yana tasowa, daidai yadda babbar kwatar da ta raba Nima da unguwar Maamobi ke yi da rana. Sai ladan ya kira azahar. Na tsaya cak. Kafaɗuna da suka ɗaure tun safe suka saki. Mma ta yi gaskiya.

To amma wane gida? Lunguna sun rarrabu, kowanne kamar ɗan'uwansa. A Nima in baƙo na neman gida ba ya duba lamba, wurin mai abinci yake zuwa, don ita ta san wanda ya haihu da wanda ya yi baƙo. Na nemi mai abinci. Na same ta a wata kusurwa, mace mai jiki da ɗan hijabi, tana zuba shinkafa rawaya da kaza daga babbar tukunya, mutane na tsaye da kwanoninsu kamar layin waakye, shinkafa da wakenmu, da safe. Na sauke kwanona a kan bencinta na zauna. Na nuna tukunyar da yatsa, ta zuba mini. Shinkafar ta yi daɗi, da wata 'yar miya koriya mai tsami da zaƙi. Ina ci ina tattara ƙarfin da zan furta sunan Rokiya.

Ban kai ga furtawa ba matar ta ɗaga hanci. Ta matso, ta dangwali man da ya zubo a gefen kwano, ta murza a yatsu. Sai fuskarta ta washe. Ta bubbuga gwiwarta, ta nuna ni, ta ce, "Afirika?"

Na gyaɗa kai.

"Rokiya," ta ce, ba tambaya ba ce. Ashe tsohuwar tana ɗiba tana raba wa maƙwabta, duk lungun an san warinsa. Matar ta bar tukunyarta a hannun wata, ta kama hannuna, muka yi kwana, muka sake yin kwana, ta nuna mini wani gidan katako mai matakala. Ta koma da sauri saboda masu jiranta.

Ƙofar a buɗe take, takalma a jere a ƙasa. Daga ciki ƙarar masaƙa ke tashi, ƙwas, ƙwas, ba ɗaya ba, ba biyu ba, har katakon gidan na rawa. Na cire takalmi na tsaya a matakala. Ba a shiga gidan mutane ba sallama, ko a Nima ko a nan.

Na yi sallama. Ni kaina da ƙyar na ji.

Na sake yi. Masaƙa ba ta fasa ba. Man yana ɗiga a kafaɗata, ya ɓata mini gyale. Na tuna Mma zaune a bakin gado tana kallon kwanon nan. Na zo har ƙofa, abin da ya rage tsakanina da Rokiya murya ce kawai. Na ja numfashi har ƙasan ciki, yadda Hassana ke yi in za ta kira mai kosai daga ƙarshen layi.

"Assalamu alaikum!"

Masaƙa ta tsaya cak. Wani tsuntsu da ke keji a baranda ya firgita, har maƙwabta suka leƙo. Daga ciki muryoyi suka amsa a tare, "Wa alaikumus salam."

Wata 'yar tsohuwa ta fito tana dafa bango. Ta dubi kwanon, ta dubi fuskata, sannan ta leƙa bayana. Ta ga ba kowa.

"Alima?" ta ce a hankali. "Inna lillahi..."

"A'a, a'a," na ce da Hausa, na manta ba ta ji. "Tana nan. Alhamdu lillahi. Alima, alhamdu lillahi." Na nuna ƙafata, na kumbura kumatu, na buɗa hannuwa na nuna girman kumburin, na yi ɗingishi a kan matakala. Matan da suka taso daga masaƙa suka fashe da dariya. Rokiya ma ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi.

Suka shigar da ni. Na yi alwala na yi azahar a gefen masaƙa, zaren siliki yana sheƙi a hasken taga. Aka kawo mini shinkafa mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa, na ci duk da na ƙoshi. Na yi zaton daga nan sai ban kwana. Sai na ga Rokiya ta shafa man a gwiwoyinta, ta sa takalmi, ta jefa wata 'yar kwalba a jaka, ta kama hannuna.

Tare muka shiga jirgin. Da muka kusa Pratunam ni na miƙe na ce a ba mu hanya, da Hausa, aka kuwa ba mu.

Mma na ganinmu a ƙofa ta yunƙura za ta tashi, Rokiya ta daka mata tsawa da yarensu, ta koma ta zauna. Tsohuwar ta buɗe kwalbar, wani koren man zafi ne mai shiga hanci, ta ɗora ƙafar Mma a cinyarta tana murzawa. Wannan na zuba Hausa, waccan na zuba nata yaren, kowacce na gyaɗa kai. Na zauna a kan dilar kaya ina kallonsu.

Can Mma ta juyo ta ƙare mini kallo, gyale duk maiƙo.

"Rabin man a kanki ya ƙare, ko?"

"Ya narke ne, Mma."

"To wa ya yi miki sallama a gidan?"

"Ni na yi."

"Suka ji?"

"Har maƙwabta."

Mma ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Badi sai ki sa shi a gwangwani mai marfin murɗawa," ta ce. Ta miƙa wa Rokiya ɗaya ƙafar, wadda ba abin da ya same ta.