Ranar Da Muka Baza Manhaja A Kasuwar Kumtepa

"Ki ce mata tunda nake ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba," in ji Gwaggo Salomat. Ta ajiye wayar a hankali kusa da butar shayi, ta turo wa baƙuwarmu farantin inabi.

Na fassara wa baƙuwar, Mrunal, da Turanci, don aikin da aka ɗauke ni ke nan. Ta washe baki, ta danna tauraro biyar a kwamfutarta. Ni kuwa raina ya ɓaci, domin da idona na ga Gwaggo ta yi ta juya wayar kamar an ba ta garwashi, ko hoton yadi ɗaya ba ta iya sakawa ba.

Mrunal daga Pune ta zo, can Indiya. Kamfaninsu ya ƙera manhajar waya domin matan garinmu Margilan masu saƙa atlas, yadin alharininmu, su riƙa saka hotunan kayansu suna sayarwa kai tsaye, ba sai dillali ya cinye guminsu ba. An turo ta ta gwada abin a hannun masaƙan, ranar Juma'a kuma ta aika rahoto: a saki manhajar ko a gyara. Ranar Laraba ce, mun zaga gidaje da yawa, ko'ina yabo muke kwasowa. Na san in aka sake ta a haka ba mai taɓa ta, kamfani ya ce matan Margilan ba sa so, ya naɗe tabarmarsa, su Gwaggo su koma hannun dillalai.

A mota na kasa haƙuri.

"Mrunal, wallahi rahoton nan naki ba gaskiya ba ne."

"Muhayyo, ai ke kika fassara! Kowace mace sai da na roƙe ta ta faɗi abin da bai yi mata ba."

"Na fassara abin da bakinsu ya faɗa. Kin shiga gidansu da burodi da alewa, an zaunar da ke can ƙurya wurin manya, sannan kika zaro waya daga jakar da tsarabar ta fito. A nan baƙo ya fi uba girma. Wa zai kalli baƙo ya ce tsarabarsa ba ta da kyau?"

"To mu kira su ofis."

"Sai su zama baƙi. Baƙo kuma ba ya kushe girkin mai gida."

Ta dafe kai. Ta ce ta yi irin aikin nan a ƙasashe da dama, kuma ta san mutanen da ba sa iya cewa a'a, don a gidansu ma haka ake, amma ba ta taɓa shiga inda ƙofa ta toshe ta gaba da baya ba. Ta ba ni tausayi, ba ƙarya.

Direba ya tsaya a bakin titi zai sayi kankana. Wata tsohuwa na tsaye a kan mai kankanar, tana ƙwanƙwasa ɗaya tana zuba masa ruwan masifa: wai ɗanya ce, wai ko jakinta ba zai ci ba, wai ya ji tsoron Allah. Shi kuma dariya yake yi.

"Faɗa suke?" in ji Mrunal.

"Ina! Ciniki suke. Tsaya ki gani."

Tsohuwa ta biya kuɗi, ta rungumi kankana biyu ta yi gaba. Mrunal ta juyo ta kalle ni, na kalle ta. Sai ta cafke hannuna.

"Muhayyo! Yaushe kasuwa ke ci?"

"Gobe Alhamis! Kumtepa!"

Ihun da muka yi sai da direba ya leƙo ta taga.

Washegari da sassafe muna layin 'yan yadi. Wata ƙawar mahaifiyata, Tursunoy, ta ara mana gefen teburinta. Na hana Mrunal ɗauko ko ƙwayar alewa, na kuma ce kada a dafa shayi. Na ɗaura mata ɗankwali da jakar ƙugu irin ta 'yan kasuwa, muka jera wayoyin gwaji a kan ƙyalle kamar tumatir. Ita ta kafa sharaɗi ɗaya, kuma ta yi gaskiya: duk wadda ta tsaya a gaya mata ko mu su wa ne, murya kaɗai za mu naɗa, ban da fuska, wadda kuma ba ta yarda ba sai a kashe na'urar. Na hau kan akwati na buɗe maƙogwaro.

"Masaƙa, ku matso! Ga hajar Indiya an kawo muku! Mai ita ta ce ba ta da aibu, ku zo ku duba kafin ta cuce ku!"

Ai kafin ka ce kwabo mata sun yi mana zobe. Wadda ta fara kutsowa, da kwandon kasuwa a hannu, ba kowa ba ce sai Gwaggo Salomat. Ta dubi Mrunal daga ɗankwali har takalmi.

"Yau kuma talla ake?"

"Talla ake, Gwaggo. Murya za mu naɗa."

"Naɗa da kyau, 'yar nan." Ta ɗauki waya ɗaya da yatsa biyu. "Wannan ce hajar? Ki tambaye ta, yadi zan sayar ko kaina? Ina buɗewa sai ta ce in saka hoton fuskata. In saka fuskata mazan duniya su kalla, mijina, kawunki, yana raye?"

"Faɗa mata, Salomat!" in ji wata daga baya.

"Sannan waɗannan sababbin haruffan da ke cikinta na jikokina ne. Mu da haruffan zamanin Rasha muka yi makaranta. Ko so take in jira yaro ya taso daga makaranta kafin in ci abinci?"

Ina fassarawa, bakina har harɗewa yake don sauri. Mrunal na rubutu tana kaɗa kai gefe da gefe irin na mutanensu.

"Wannan kaɗa kan, e take cewa ko a'a?" in ji Gwaggo.

"Cewa take ki ƙara."

"Au, akwai ƙari!"

Tursunoy ta karɓe wayar ta ɗauki hoton wani jan atlas da ke teburinta, ta ɗaga sama kowa ya gani. Manhajar ta ƙara wa hoton haske da kanta, ja mai duhu irin na rumman ya koma kalar karas. Wuri ya kaure.

Tursunoy ta ce, "Rinin da na gada wurin kakata! In mai saye ya buɗe kaya ya ga ba haka ba, wa zai kira maƙaryaciya? Ni ko Indiya?"

Wata ta ce wayar gidansu ɗaya ce, tana aljihun ɗanta, shi zai riƙa ganin cinikinta ke nan? Wata ta ce ina wurin da mai saye zai taya, ko an taɓa ciniki ba tayi? Suna katse juna, suna fizgar wayoyi, suna nuna wa juna inda abin ya maƙale. Abin da muka yi kwanaki muna roƙo a gidaje, ga shi ana zuba mana kyauta har muna rasa inda za mu sa. Daɗi ya cika ni har na manta a kan akwati nake, saura kaɗan in faɗo.

Da rana ta take, Mrunal ta matsa gefe ta kira ofishinsu. Na ji tana cewa ba za a saki komai gobe ba, tana da gyare-gyare masu yawa, kuma ta san ainihin inda za a taɓa. Da ta dawo idonta ya yi ja. Ta ce in tambayi Gwaggo tsakani da Allah: in an gyara, za ta yi amfani da ita, ko abin ne gaba ɗaya ba ta so?

Gwaggo ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta.

"Muhayyo, kin taɓa ganin na tsaya a rana ina kushe kayan da ba zan saya ba? Ki ce mata ni ce ta farko. Ranar da ta gyara, a wayata za a fara sawa."

Mrunal ta rungume ta, kwando da komai. Gwaggo ta bubbuga bayanta, ta ce ta zo gida an jima, ta riga ta jiƙa shinkafar osh, dafa-dukar garinmu. Mrunal ta yi godiya, sannan ta ɗaga waya ta ce ko ta taho da ita su ƙarasa sauran.

"A'a, ta bar ta nan kasuwa," in ji Gwaggo, ta saɓa kwandonta. "In ta shigo da ita gidana, ba ta da aibu ko ɗaya."