Rigar Sanyin Ɗan Fari

Duk unguwarmu ta Takur babu jaririn da aka raɗa wa suna bai sa hular Adda Hadiyya ba. Ita ba sana'a ta ɗauki saƙa ba, sha'awa ce kawai, don mijinta Malam Bubayero ma'aikaci ne a sakatariya, bai rage ta da komai ba. In ta gama aikin gida sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta jawo kwandon zaren ulu da kwarashinta. Safa, hula, jakar makaranta, murfin rediyo, har fulas ɗin shayin maigidan sai da ta yi wa riga, kuma duk kyauta take rabarwa. Ni Zulaihatu maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu. Nakan tsokane ta cewa da akuyarta za ta tsaya wuri ɗaya da ita ma ta samu tata.

Mutum ɗaya ne bai taɓa samun ko sili daga hannunta ba, wato Mu'az, ɗanta na fari. Bafulatana ce ta gaske, kunyar ɗan fari a jininta take. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, a can wajen Aujara ya tashi. In ya zo gaisuwa sai ya yi sallama daga zaure, ya shigo a sunkuye, ya durƙusa a bakin ƙofa yana kiranta Adda kamar kowa, ita kuma ta amsa idonta a kan saƙa. Abin nan yana ba ni haushi, na sha gaya mata, sai dai ta yi murmushi.

Shekarar da aka fara Shari'a ya samu gurbin karatu a Jos. Da ta ji labarin sanyin garin sai ta rasa sukuni. Ba ta furta ba, amma na ga an sayo mata zare mai kauri ruwan toka daga kasuwar Shuwarin. Na tambaye ta na wane ne, ta ce na wani ne. Na ce to a ba ni tef in auno wanin, ta ce ita tunda take ba ta taɓa auna mutum ba, ido ya ishe ta. Gaskiya ta faɗa, idon Adda bai taɓa cin amanarta ba. Abin da mu duka biyun muka manta shi ne, wannan yaron a durƙushe kawai ta san shi, shi ma da wutsiyar ido.

Da ta gama sai ta naɗe rigar a leda ta miƙo mini ta kan katanga, ta ce in ba shi, in ce ni na saƙa. Ni da ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba. Na kai masa a masaukinsa na yi ƙaryata, ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana shafa ta, ya ce an gode wa mai aikin.

Ranar tafiya ya zo sallama da hantsi, ina tsakar gidan ina tsince mata shinkafa, ita tana saƙa. Sai ga shi da rigar a kan kaftani, cikin zafin nan na Dutse, gumi na tsiyaya. Hannun rigar da ƙyar ya wuce gwiwar hannu, ƙasanta kuwa ko cibiya bai kai ba. Na danne dariya har cikina ya ƙulle. Ya durƙusa a inda ya saba.

Adda ta saci kallo sau ɗaya, kwarashin ya tsaya. Na ga kunya da kishin aiki suna kokawa a fuskarta.

"Zulaihatu," ta ce, "wa ya koya miki saƙa haka? Ce masa ya miƙe."

Ya miƙe. Ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa, kafin idonta ya kai fuskarsa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe haka ya yi tsawo," ta ce a hankali, ba da kowa take ba.

Ta tashi ta kama hannunsa, ta auna da yatsunta daga inda rigar ta ƙare zuwa wuyan hannu. Awon ya ƙare, amma ba ta saki ba. Ni da na zo da dariya sai ga ni ina share ido da bakin mayafi, tausayinsu ya cika ni.

"Adda, motar ta kusa tashi," ya ce, kansa a ƙasa.

"Bar ta ta tafi, ba ita ce autar motoci ba. Ba za ka shiga garin mutane da aikin Zulaihatu a jikinka ba."

Ta nuna masa gefen tabarma ya zauna, ya tuɓe rigar ya miƙa mata, ta rataya masa zare a hannuwa biyu tana naɗewa. Kowane layi ta saƙa sai ta ce ya matso a gwada. Gyaran da na san kafin la'asar za ta gama shi, sai da ya kai su jibi.