Ranar da Baba Ya Zama Bango

Auta ta faɗo falo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, tana kaɗa wata 'yar takarda. Makarantar da ke horar da masu karɓar baƙi a ofis ce ta kira ta gwajin koyarwa. Su uku ne masu neman aikin, gurbi ɗaya, ita kuwa shekara biyu ke nan tana zaman jira. Abin da za ta koyar cikin minti goma kalmomi biyu ne kacal na Turanci: hang up.

"Baba, na san ma'anarsa, a kashe waya in an gama magana. Amma hang ai ratayewa ce. In ɗalibai suka ce me ake ratayewa, in ce musu me?"

Baba ya yi shekara talatin yana hawa turakun waya kafin wayar hannu ta zaunar da shi. Jin haka ya miƙe zumbur, sai ka rantse ba shi ne mai kukan gwiwa ba. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, ya fito da tsohon tarho na katako, irin na bango, da ƙugiya a gefe.

"Ga abin da ake ratayewa! Kin gama magana, ki sa kan tarhon a ƙugiyar nan, nauyinsa ya ja ta ƙasa, layi ya yanke. In kika manta, layi na buɗe, na can yana jin duk abin da kike faɗa. Tarhon ya tafi, maganar ta zauna."

Auta ta yi tsalle har sau uku don murna.

Washegari Baba ya kafe sai ya raka ta, da guduma da ƙusa a aljihu. A ajin kuwa fenti sabo ne fil. Shugabar makaranta, wata doguwar mata da ba ta san fara'a ba, ta dubi gudumar ta ce ko allura ba za a soka wa bangonta ba. Auta ta juya ta dubi Baba, don duk darasin a kan ƙugiyar nan ta gina shi.

Baba ya mayar da gudumar aljihu. Ya rungume tarhon a ƙirji, ya je gaban allo ya ƙame.

"Fara, Malama. Ni ne bangon."

Aji ya kece da dariya, tsoron Auta ya bi iska. Ta sa ɗalibai suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi sallama da baƙon ƙarya ya rataye, ƙugiya ta ce ƙwas. Ta koya musu "Please don't hang up", na roƙon mai kira ya dakata. Da aka zo kan "She hung up on me", wato kashe wa mutum waya yana tsakiyar magana, wata ɗaliba ta buga kan tarhon da ƙarfin da ya sa bangon kansa ya yi tangaɗi. Shugaba dai na rubutu, fuska a murtuke.

Da la'asar wayar Auta ta yi ƙara. Shugaba ce da kanta.

"Ki fara ranar Litinin."

"Na gode, ranki ya daɗe, na gode!"

Ta wurga wayar kan kujera ta hau rawa tana ihu. Baba ma ya cire hula yana juyi.

"Ban gaya miki ba? Matar nan mai fuskar shanu, wallahi na ga tana cije leɓe kar dariya ta ƙwace mata!"

Sai wata siririyar murya ta taso daga kan kujera.

"Malama."

Rawa ta tsaya cak. Auta ta ga aikin da ta yi shekara biyu tana jira yana sulalewa. Ta ɗauki wayar, ashe ba ta kashe ba.

"Darasinki ya yi kyau, saura ki yi aiki da shi. Ki gaya wa bangon ya zo da tarhonsa ranar Litinin. Mai fuskar shanu ta yarda a buga ƙusa ɗaya. Yanzu, hang up."

Baba ne ya karɓi wayar da hannu biyu, ya danna jan madannin, ya kara a kunne ya tabbatar, sannan suka ci gaba da ihunsu.