Ledar Sikiru

A shekarar 1958 ne Sikiru ya shigo rumfata ta guga a Fagge, rungume da falle-fallen leda kamar mai jego. Bayarabe ne, ɗan tiredan atamfa a Sabon Gari, kuma ledar ta cikin dilolin kaya ce. Lokacin sabon abu ce, har tsayawa ake yi a shafa ta.

"Malam Ari, haɗe mini su nake so. Allura yaga su take yi."

"Rigar ruwa za ka ɗinka wa raƙumi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce mahaifinsa masunci ne can bayan Ikko, da tsofaffin buhuna yake kafa wa kwalekwalensa mayafin da iska ke turawa, in sun jiƙe su yi nauyi. Yana ɗan shekara goma ya gudo Kano da wani kawunsa. Shekara ashirin ke nan, tsohon bai taɓa aiko masa ko gaisuwa ba.

"Wataƙila in ya ga wannan ya ambaci sunana," in ji shi.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufi ba, na zama maƙerin jirgi. Mukan ɗora bakin wannan ledar a kan bakin waccan, mu shimfiɗa takardar siminti, in bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi. Sau uku na ƙona, ya ga kamar fatarsa na ƙona. Kullum na ce ya isa, sai ya auna da taku ya girgiza kai.

"Ƙara, Malam. Jirgin Baba ƙato ne."

Muka yi ta ƙari har ledar ta fito titi. Ya naɗe, ya kai tasha, ya ba wani ɗan garinsu. Daga nan duk ranar da jirgin ƙasa ya iso daga Ikko yana can tsaye. Wallahi tausayi ya riƙa ba ni.

Bayan wata biyu ya zo da wasiƙar wansa, ya fassara mini.

"Baba ya ce abin da ka aiko zai ishi kwalekwale uku. Ya ce da idon yaro ka auna. Ya hana kowa sa mata almakashi. Wai ka zo ka ga jirgin da girmanka, ka yanka da kanka."

Sikiru ya zauna a kan kayan gugata, na ƙyale shi ya yamutsa su.