Dogon Babur

Sai da Likita ya taka bulo biyu kafin ya iya wurga ƙafarsa ta haye sirdin. Da ya zauna, babban yatsansa na hagu ne kawai ya taɓa ƙasa, ƙafar dama kuwa tana lilo. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin da tsintsiya a hannu tana kallonsa.

"Malam, wannan hawa ne ko shanya ka aka yi?"

"Miƙo min akwatina dai."

Ta ɗauko akwatin katako mai madauri, wanda ke ɗauke da allurai da kwalabe da safar hannu, ta zagaya bayan babur ɗin tana neman inda za ta ɗora, ba ta samu ba. Babu kariya ta ɗora kaya, sai wata siririyar roba da ta miƙe sama kamar jelar zakara.

Likita ba na mutane ba ne, malamin dabbobi ne. Shekara ashirin da shida ke nan yana bin ƙauyukan kan dutse inda mota ba ta zuwa. Tsohon babur ɗinsa ya mutu watan jiya, mutuwar da bakanike ya ce ko addu'a ba za ta tashe shi ba. Da babban ɗansa, wanda gida ke kira Injiniya, ya kira waya daga birni, Likita ya faɗa masa cewa ya ga wani ƙaramin babur na shiga daji a shago, mai sauƙin kuɗi, shi yake hari. Jiya da yamma sai ga Injiniya da a-kori-kura, a bayanta an ɗaure wannan jan abu mai dogayen ƙafafu, irin wanda ake tsere da shi a kan tuddai. Kuɗinsa zai sayi ƙaramin har uku.

"Baba, ka gama hawan tarkace," in ji shi, yana share tankin da hannun rigarsa. "Wannan shi ne ƙarshe, babu na gabansa."

Likita ya ga yadda fuskar ɗan nasa take haske, ya yi godiya, ya sa albarka, bai ƙara komai ba.

Yanzu Injiniya ya fita gaishe-gaishen dangi, ga kuma waya daga wani makiyayi a kan dutse: saniyarsa tana naƙuda tun asuba, ɗan ya ƙi fitowa.

"Ka jira shi ya dawo ya nuna maka kansa mana," matar ta ce.

"Saniya ba za ta jira ba."

Ya rataya akwatin a wuya, ya danna maɓalli. Ƙarar da ta tashi ta watsa kajin tsakar gida. Yana sakin kuloci babur ɗin ya zabura, da ƙyar ya kauce wa randar da ke bakin ƙofa.

Ya tsaya a garejin Sifana, bakaniken da ke duba masa babur tun suna da baƙin gashi, don a ɗaure masa akwatin a baya. Da yake ƙafarsa ba ta kai ba, sai ya jingina kafaɗa da ginshiƙin rumfar. Sifana ya fito yana goge hannu da tsumma, ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya durƙusa ya leƙa injin.

"Likita, gasa za ka shiga da tsufanka?"

"Kyautar yaro ce. Ɗaure min wannan, sauri nake."

Sifana ya ɗauko robar tsohon tib yana naɗe akwatin a bayan Likita, baki bai tsaya ba.

"Abu ne mai kyau, ba ƙarya. Amma ba don aikinka aka ƙera shi ba. Ka duba, ba fitila. Ba ƙafar da za ka kafe shi in ka sauka. Tankin nan, in ka kai kan dutse ka dawo to ka gode Allah. Baƙin mai kuma ba wata-wata ake canza masa ba, awa ake ƙirga masa kamar mai jinya. In fistin ya ci, daga nan har birni babu mai shi, sai an yi odarsa."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Da ruwa yake huce zafi, kuma ba shi da fanka. Gudu yake so, iska tana bugun lagireto. In ka ja shi a hankali cikin duwatsu, tafasa zai yi." Ya nuna da haɓa wani ƙaramin babur mai ƙura da ke kafe a gefe, sirdinsa a faffaɗe, kariyarsa ɗaure da igiya. "Ga irin wanda ka so saya. Nawa ne. Ba ya gudu, ba ya tsalle, amma ko jaki ya bi hanya zai bi. Hau shi ka je, in ka dawo ka ɗauki naka."

Likita ya dubi ƙaramin babur ɗin. Ya san gaskiya Sifana ya faɗa. Amma garin ƙarami ne, kafin azahar labari zai kai kunnen Injiniya cewa babansa ya ajiye kyautarsa a gareji ya hau na aro.

"Da wannan zan je."

"To Allah ya tsare. In za ka tsaya, nemi tudu ta gefen hagu."

Bayan gari akwai doguwar hanyar yashi da ramuka, wadda a da take cin rabin sa'arsa, yana tafe yana jan ƙafa a ƙasa. Yau babur ɗin ya bi ta kanta kamar a kan katifa. Ramin da ya saba girgiza masa haƙora ya wuce bai ji shi ba. Ya ɗan ƙara murɗa totur, bishiyoyi suka riƙa wucewa da sauri, iska ta cika masa riga. Cikin minti goma ya isa gindin dutse, a ransa yana cewa Sifana ya cika surutu.

Daga nan hanya ta tsuke ta zama ta ƙafa, tana lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu. Nan babur ɗin ya fara gardama. In ya sassauta, injin ya mutu. In ya murɗa, tayar gaba ta ɗaga sama. Sau huɗu yana mutuwa, kowane karo sai Likita ya laluba dutse da ƙafar hagu kafin ya tayar. Hannunsa na kuloci ya ƙage. Wasu mata masu ɗauke da itace suka matsa gefe suka gaishe shi, yana jin dariyarsu bayan ya wuce. Bai waiwaya ba.

A tsakiyar hawan ya ji wani ƙauri, sai ga tururi yana fita ta ƙasan tanki, koren ruwa yana ɗiga a kan dutse. Ya kashe injin, ya jingina da wata bishiya, ya zauna a kan sirdin yana duba agogo. Minti ashirin suka tafi kafin ƙarfen ya huce. Makiyayin ya sake kira.

"Likita, ta kwanta, ta daina yunƙuri."

"Kada ku ja komai. Ku ɗora ruwa a wuta, ina hanya."

A mashigin rafi abin ya ƙare. Ruwan bai kai gwiwa ba, ya sha ƙetare shi. Tayar gaba ta zame a kan wani dutse mai gansakuka, babur ɗin ya karkata dama, ya miƙa ƙafa don ya tokare, ƙafar ba ta sami komai ba. Ya faɗi a kan kafaɗarsa, babur ɗin ya danne masa ƙauri. Ya ji kwalabe sun fashe a bayansa.

Ya ɗan jima a kwance cikin ruwan kafin ya zare ƙafarsa. Ya ja babur ɗin zuwa gaɓa, ya bar shi kwance a kan ciyawa tunda ba inda zai kafe shi. Ya buɗe akwatin: kwalba biyu sun tafi, amma wadda yake bukata tana nan. Ya rataya shi, ya kama hawan da ƙafa, yana ɗingishi.

Rana ta take tsaka lokacin da ya isa garken. Saniyar fara ce mai baƙin kunne, tana kwance a gefe ɗaya, idonta a kafe. Makiyayin, dattijo ne siriri, ya dubi jiƙaƙƙen wandon Likita da jinin da ke gwiwar hannunsa.

"Sannu, Likita. Ina babur?"

"Yana rafi. Kawo ruwan da sabulu."

Ya cire riga, ya sa doguwar safa, ya kwanta a ƙasa bayan saniyar ya zura hannu har kafaɗa. Ƙafafun gaba suna kan hanya, amma kan ya lanƙwashe baya. Ya tura maraƙin ya koma ciki, ya laluba har ya kama muƙamuƙi, yana jira duk lokacin da ta yi nishi ya wuce sannan ya ci gaba. Kafaɗar da ya faɗi a kanta tana zugi. Da kan ya miƙe, ya ɗaura igiya a ƙafafun, shi da makiyayin suka ja a hankali. Maraƙin ya sulluɓo ƙasa, namiji, babba. Likita ya share masa hanci, ya murza ƙirjinsa, ya ɗaga shi ta ƙafafun baya ya girgiza. Bai motsa ba.

Makiyayin ya tsuguna ya shafa kan maraƙin.

"Da hantsi yana motsi, ina ganin ƙafarsa tana harbawa," ya ce a hankali. Sannan ya ƙara da cewa, "Haka Allah ya so. Uwar fa?"

"Uwar za ta tashi."

Ya yi mata allura, ya wanke ta, ya zauna a kan turmi har ya ga ta ɗaga kai ta sha ruwa. Makiyayin bai tambaye shi abin da ya tsayar da shi ba, shi ma bai faɗa ba. Amma ya yi lissafin a ransa: da ƙaramin babur ɗin Sifana, da tun hantsi yana nan.

Makiyayin da ƙaninsa suka raka shi rafi, suka tayar da babur ɗin, suka ƙara masa ruwa da ƙwarya. Gangara ta fi sauƙi, rabinta a kashe ya sauko.

La'asar ta yi lokacin da ya shiga gida. Injiniya yana ɗaure jakarsa a bayan a-kori-kura, ya juyo da murmushi, sai murmushin ya tsaya. Ya riƙe babur ɗin har babansa ya sauka. Robar gefen dama ta tsage, hannun burki ya lanƙwashe.

"Baba, lafiya? Faɗuwa ka yi?"

"Na faɗi. Zo mu zauna."

Suka zauna a kan benci a zaure. Matar ta kawo ruwan ɗumi da tsumma, ta ajiye, ta koma ciki. Likita ya ba shi labarin tun daga gareji har garke, bai rage komai ba, har da tayin Sifana da ya ƙi karɓa.

"Laifina ne kenan," Injiniya ya ce, kansa a ƙasa.

"Kai kyauta ka yi. Ni ne na ga abin bai dace da ni ba tun jiya, na yi shiru don kada ranka ya ɓaci. Shirun nan ya ci wa wani bawan Allah maraƙi. Ba zan ƙara ba."

"Na so ne a ga babana a kan abu mai daraja. Tun ina makaranta nake ganinka kana tura wancan tsohon a kan titi."

"Na sani. Amma masu kirana ba su damu da abin da na hau ba, su dai su gan ni da wuri. Ina son wanda ƙafata za ta taka ƙasa, wanda zan ɗaura wa akwati, in ya lalace Sifana ya gyara shi a ranar. Mu mayar da wannan."

Injiniya ya murza makullin mota a tafin hannunsa.

"Mai shagon ya ce yana karɓa cikin kwana bakwai, amma in babu ko ƙwarzane. Ka ga yadda ya koma."

"To ya rage abin da zai rage, ko ya nemo mana masu tseren su saya. Ko rabi aka ba mu ya isa ƙaramin. Ni zan yi masa magana, tunda ni na kayar da shi."

"Yau?"

"Jibi ina da rigakafi a ƙauye uku."

Suka kafa katako, suka tura babur ɗin bayan motar, Injiniya ya ɗaure shi da igiya yana jan kowane ƙulli fiye da yadda ake bukata. Likita ya canza riga, ya shiga gaba ya zauna yana dafe da kafaɗa. Sun fita layin, sun hau kwalta. Can Injiniya ya yi gyaran murya.

"Baba, ko sau ɗaya bai yi maka daɗi ba?"

Likita ya dubi madubi, inda jan tankin ke rawa a bayansu.

"A hanyar yashi na buɗe masa wuta," ya ce. "Rabona da irin wannan gudu tun kafin a haife ka. Har dariya na yi ni kaɗai. Kada ka faɗa wa mamanka."

Injiniya ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu.

"Taka motar," in ji Likita, "kafin su rufe shago."